Ranar da Na So in Canja wa Dolores Suna

Ba zan taɓa mantawa da abin da na yi wa Dolores ba, kuma tun yanzu in faɗa: ni ne mai laifi.

A 1996 ina ɗaga kwalaye a wani sito da ke garin Wendover, can ƙasar waje. Dolores dattijuwa ce 'yar Meziko, ita ta koya mini aikin, ita ke rage mini hanya duk ranar da bas ya wuce ni. Wata rana na tambayi Malam Sani, ɗalibin jami'a da muke haya tare, ma'anar sunanta. Ya ce da Sifaniyanci "baƙin ciki" ke nan, an samo shi daga baƙin cikin da Kiristoci ke cewa Nana Maryam ta sha saboda ɗanta. (Rabin farko kawai na riƙe.)

Kwana uku na kasa zama wuri ɗaya. Mace mai kirki haka a ce tana yawo da baƙin ciki a ka? A gida ai an koya mana mummunan suna canja shi ake yi. Na zaɓa mata Sa'adatu, ina ta maimaitawa a bas kamar wanda zai yi huɗuba.

Ranar sha biyar ga Satumba ta kawo tukunyar abinci ta raba wa kowa lokacin hutu. Na ci na ƙoshi, sannan na miƙe gaban mutum goma sha, da guntun Turancina, na ce sunanta ba shi da kyau, ga sabo na kawo mata kyauta. Har tafi na fara, ni kaɗai.

Ta ajiye cokali. Ta ce a wurinsu yau ce ranar masu wannan suna, shi ya sa ta yi girki. Sunan mahaifiyarta ne, kuma bana ne karo na farko da take yin ranar babu ita.

Sai ta dube ni ta ce, "Kai fa, Ajuji, me naka yake nufi?"

Dole na yi bayanin juji, inda ake zubar da shara. Inna ta binne 'ya'ya huɗu kafin ni, da aka haife ni aka ɗora ni a kan juji don mutuwa ta raina ni ta wuce.

"Ka canja shi?"

Na ce a'a, Inna ce ke kirana da shi.

Wato mai sunan shara ne ya tashi gyara sunan wani. Tun ranar, in na ji ma'anar suna sai na tambayi wa ya raɗa shi.

Kwana biyu ina ɓuya bayan kwalaye. A na uku na tare ta wajen motarta na ce, "Dolores, na ci abincin ranar mahaifiyarki, na kuma aibata sunanta. Ban da hujja. Ki yafe mini."