Allon Shagon Naman Baba

Ni ba mai surutu ba ce, amma a ajinmu kowa ya san ina da ido. Shi ya sa da Baba ya buɗe shagon nama a unguwar Arras, ya ce ni zan zaɓi rubutun allon, tunda ni ce 'yar boko.

Na tafi wurin mai buga allo a unguwar Adjamé. Ya nuna mini haruffa masu kauri, na yatsine fuska. Na zaɓi wasu masu karkata gefe guda, nan kauri, can siriri kamar gashin gira, irin na jikin kwalbar turare.

"Ma fille, 'yata, nama fa za a sayar," in ji shi.

Na ce na san abin da nake yi. Har na sa ya yi su da ruwan zinare.

Ranar buɗewa, rana ta haɗiye siraran layukan, daga tsallaken titi ba a ganin komai sai ƙyalli. Masu neman nama suka yi ta wucewa. Can wata mata ta shigo tana kwance ɗankwali, ta tarar da Baba da wuƙa a hannu, ga cinyar saniya a rataye.

"Alhaji, ba nan ne salon ba? Ina mai kitson?"

Baba ya dube ta, ya dube ni. A kan mace ta uku mai neman kitso ya sauke allon da kansa.

Har yau in na wuce da kayan makaranta, sai mahautan layin su ɗaga murya: "Hajiya mai salon! Ga kan saniya ya iso, zo ki yi masa kitso!"