Agogon Zafi a Gefen Fasinja

"…da zaman kaɗaici kuma, ubangidana?"

"Kaɗaici na mai jiran baƙo ne. Ni hutu nake, sai ga ka."

Salifu bakanike ne a Zangon Sokode. A shekarar dogon yajin aiki, da tarzoma ta fara hawowa arewa, matarsa Salamata ta kwashe yara ta koma gidan iyayenta a Dapaong. Shi kuwa ya tsaya a bakin gareji, gaban jama'a, ya ce ko garin zai kife ba zai bar sufanunsa ba. Garin bai kife ba, watsewa kawai ya yi. Tun daga nan yake dafa shayi kofi ɗaya, yana musu da rediyo. Yana son ya bi iyalinsa, amma maganar da ya yi ta tare ƙofa.

Mai gaisuwar Mudathir ne, direba, ɗan gwaggonsa. Taubasai ne. Salifu ɗan namiji, don haka ubangida. Mudathir ɗan mace, bawa. Motarsa ce kaɗai a dangi ke bin hanyar arewa, ubangida kuwa ba ya roƙon bawa.

"Me ka ƙunso a tsumma?" in ji Salifu. "Gadon uwarka?"

"Agogon zafin hayaƙi. Za ka sa mini a mota. Turbo ta taɓa ƙone mini a hawan dutsen Alejo, ba na son na biyu."

"Turbo ba ta da laifi. Ƙafarka ce ba ta san sauka daga totur ba. Haka kake da tuwo."

"Shi ya sa na sayi abin da zai yi mini faɗa ba da baki ba. Na gaji da naka."

"Ina za ka?"

"Dapaong, gobe, da shinkafa. Shingen hanya ya yi yawa, ban san ranar dawowa ba."

Salifu ya buɗe bonet ya daɗe yana kallon injin da ya sani tun yana sabo.

Ya shafa giris a bakin abin huji, ya fara huda bututun hayaƙi gab da turbo, a hankali, yana tsayawa yana gogewa.

"Man kitso kake shafa masa?"

"Don ya kama garin ƙarfe. Ƙwaya ɗaya ta faɗa ciki, turbonka ta koma injin niƙa. Ko da yake sana'ar ta fi dacewa da kai."

"Hannunka rawa yake. Tsufa ne ko yunwa? An ce tun da Salamata ta tafi, kai da kyanwa kuke raba sardin."

"Kyanwar ma ta tafi. Ta ce ba ta zama gidan da bayi ke shigowa da takalmi."

Ya ɗaura sandar awo a ramin, ya ja waya ta cikin mota. Wayar ta isa gaban sitiyari har da rara. Salifu ya dube ta, ya dubi Mudathir da ya juya baya yana binciken buta ko da sauran shayi. Sai ya naɗe rarar, ya ɗaure da roba, ya cusa ƙarƙashin allon gaba. Agogon kuwa ya kafa shi can gefen fasinja, ƙasa, kusa da ƙofa.

"An gama."

Mudathir ya zauna a mazauninsa, ya miƙa wuya, ya karkace.

"Ina agogon?"

"Ga shi can."

"In tuƙa ko in leƙa? Kafin in ga allura na gaisa da ƙasan kwari."

"Waya ce gajera. Irin wannan ba a yi mata ƙari. Ka haɗa ta da wata, allura ta yi maka ƙarya. Da ka yi makaranta da ka sani."

"To wa zai duba mini?"

"Fasinja."

"Fasinjana buhun shinkafa ne."

"Ya fi ka lura. Amma allura tana son mai ido. In ta doshi ja, a ce maka ka ɗaga ƙafa, ka sauko da giya. Kuma sai wanda kake jin tsoronsa."

"Ba na tsoron kowa a Togo sai jandarma, shi ma in ya yi shiru."

Mudathir ya zura hannu ƙarƙashin allon, wai yana neman inda wayar ta bi. Hannun ya tsaya a kan rarar da aka naɗe. Salifu ya ga ya tsaya, sai ya shiga goge sufana mai tsabta. Rediyo na ta lissafa garuruwan da aka rufe kasuwa.

Mudathir ya zaro hannunsa.

"Lallai gajera ce," in ji shi. "An cuce ni."

"Kullum ana cutarka. Fuskarka ce."

Dariya ta ƙwace wa Mudathir har ya kifa kai a sitiyari. Ya fito, ya cire takalmi, ya durƙusa a kan baƙin mai, ya miƙa goro.

"Ranka ya daɗe, bawa na roƙo. A taimaka a raka ni Dapaong, a duba mini allura. Zan faɗa wa duk Zango cewa sai da na yi kuka na ɗauke ka."

"Ka ƙara da cewa na ƙi sau da yawa."

"Zan ƙara. Salamata ma ta aiko, wai in ka yi gardama in ɗaure ka a kan kaya. Ka rage mini igiya."

"Don turbo zan je," in ji Salifu, ya karɓi goron. "Tashi ka ɗauko wa ubangidanka jaka."

"Sai ka haɗa ta tukuna."

"Tana ƙarƙashin tebur."

Tana nan kuwa, a ɗaure. Gizo-gizo har ya yi saƙa a hannunta.