Ɗakin Otal Mai Numfashi

Ko tsufa ya kwashe mini hankali, ba na jin zan manta da satina na biyu a sabon otal ɗin nan na Gure. Na bar koyarwa bayan shekaru ina faɗa wa 'yan lakwal, wato 'yan makaranta, cewa komai na duniya yana da dalili. Zaman gida ya ishe ni, ga iyali, sai aka ɗauke ni mai karɓar baƙi, gwajin wata guda. A can ma Mushe ake ce mini, yadda ake kiran malamin lakwal a ƙasarmu. An gaya mini kuskure ɗaya ya isa a nemi wani.

Wata 'yar Damagaram ce ta zana ginin, muna ce mata Madam. Tubalin ƙasa ne, rufi mai tulluwa, babu katako ko ɗaya don kada a sare itace, babu na'urar sanyi. Akwai wata tsohuwar tsamiya a filin, ta hana a taɓa ta, aka kewaye ta da ɗakuna. Duk unguwa an san tsamiyar nan da masu ita (ni dai a gaban mutane dariya nake yi in an faɗa).

Ran nan manyan baƙi suka zo daga Yamai ganin ginin, Madam tana tare da su a babban zaure. Bayan azahar aka aike ni in duba ɗakin ƙarshe, na gindin tsamiya.

Waje rana kamar ta dafa ƙwai, ko tsuntsu ba ya motsi. Ina shiga sai sanyi ya kama mini ƙafafu. An ɗauke kuran, wato wutar lantarki, tun safe, taga a rufe, amma labule yana kaɗawa a hankali. Ga ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, irin wanda ake ji a bakin sabon kabari. A ƙasan bango na ga wata kafa mai raga, iska tana fitowa, ta tsaya, ta sake fitowa. Numfashi sak. Daga ciki kuma sai raɗe-raɗen mutane da yawa, can ƙasa, da wata 'yar dariya.

Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Na tuna da safe na watsa ruwan zafin shayi a gindin tsamiyar ko bisimilla ban yi ba. Ƙofa tana bayana a buɗe, amma na kasa juyawa. Sai ga ni durƙushe, na kai baki wajen kafar.

"Salamu alaikum, mutanen gida. Ku yi haƙuri, ni baƙo ne. Ba ni na danne muku gida ba, Madam ce. Tun farko na ce wannan rumbu ne ba otal ba. In kamu ne, ita ce abin kamawa, ɗakinta na sama, hannun dama."

Raɗe-raɗen suka ɗauke ɗif. Can sai bangon ya yi magana da muryar mace, a natse:

"Mushe, sun ji. Ni ma na ji. Taso ka same mu a zaure."

Ashe hasumiyar da ke kan rufin iska take kamawa, ta bi da ita ta ƙarƙashin ƙasa kan randunan ruwa, ta raba wa ɗakuna. Hanyar da ke kawo sanyi ita ke kai murya. Kuma daidai lokacin Madam ta tara baƙin a bakin kafar zaure, tana cewa su matso su ji sanyi.

Na shiga zauren gwiwoyin wandona duk ƙasa. Ba wanda ya yi dariya, abin da ya fi ciwo ke nan. Har na fara lissafin abin da zan faɗa wa uwargida. Madam ta dube ni, ta dubi baƙin.

"Mushe ya gano mana aibi. Da sirrin masu kwana ya riƙa yawo ɗaki-ɗaki. Za a gyara."

Ba a kore ni ba. An dai ɗora mini aikin yi wa kowane baƙo bayanin kafar nan, kullum, Madam na wucewa tana gaishe ni da ladabi. Tun daga ranar, in zan sayar da mutum don in tsira, sai na fara tambayar inda ramin ya ɓulle.