Rasuwar Mai Ƙaho Biyu, Rautar Gidanmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da har yanzu ya ƙi sauka, nake sanar da 'yan uwa, maƙwabta da sauran 'yan cin arziki rasuwar rautar gidanmu, mai raba mana intanet, wadda muka fi sani da Mai Ƙaho Biyu. Ta rasu ranar Alhamis da ƙarfe goma saura kwata na safe, a kan kantar falo, tana da shekara huɗu a duniya. Kashe ta aka yi, kuma wanda ya kashe ta yana nan yana yawo, ko a jikinsa.

Marigayiya mai haƙuri ce, mai kawaici. Ba ta da surutu, iyakarta ɗan "tit" idan an kunna ta, sai korayen fitilunta huɗu su shiga ƙyafta ido. Da hannuna na kafa ta. Na ɗora ta can sama, nesa da firji da kaurin bango, na miƙe mata ƙahonni, na sa mata kalmar sirri mai harafi goma sha shida. Har banɗaki hidimarta take kaiwa, kuma ba ta taɓa yi wa kowa gori ba.

Ciwonta ya fara ne bara, ranar da yayan matata ya zo. Injiniya ake ce masa, don kawai ya taɓa yin shago kusa da masu gyaran waya. Ya ce, "Ba ni lambar nan, minti biyu kawai zan yi." Kunya ta sa na ba shi. Kafin mako ya zagayo, mai askin da ke ƙasan benenmu ya samu, tela ya samu, mai kitson tsallaken titi ma ta samu. Ranar da na buɗe shafin saitinta, na ƙirga wayoyi ashirin da bakwai suna tsotsar ta, alhali biyar ne na gidan nan. Har da wata waya mai suna Sarkin Gayu, wadda har yau ban san mai ita ba. Sau uku ina canja kalmar, sau uku yana bi ta wajen ƙanwarsa, matar tawa, yana karɓa. Da na yi magana sai ya ce, "Haba dai! Intanet ai kamar ruwa ne, ba a hanawa." Shi kuwa tasa rautar ko matarsa sai da roƙo. Wanzami ba ya son jarfa.

Shekarata biyu ba aiki. Da ƙyar wani kamfani ya kira ni ganawa ta bidiyo, ranar Alhamis ɗin nan ƙarfe goma. Tara da rabi na zauna da rigata gogaggiya, marigayiya kuwa tana jan ciki, domin masu jiran aski suna kallon ƙwallo a kanta. Sai ga Injiniya, ba wanda ya kira shi. Na ce, "Yaya, don girman Allah kada ka taɓa ta, yanzu zan kori baƙin wayoyin nan." Na shiga ɗaki ɗauko takarduna. Shi kuma ya yanke hukuncin cewa yunwa ce take damun ta, ya zare 'yar cajarta, ya soka mata ƙatuwar cajar kwamfutata. Hujjarsa ita ce, "Tunda kan ya shiga, ai nata ne."

Kalmarta ta ƙarshe ita ce "ɗas". Ina fitowa warin ƙonanniyar roba ya tarbe ni. Injiniya ya ɗaga ta, ya shinshina, ya ce, "Dama ta tsufa."

Na koma kan wayata, wadda ba ta kamawa a gidan nan sai a tagar kicin. Masu ganawa sun ga goshina da jerin tukwane na daƙiƙa arba'in, layi ya yanke. Sun tausaya sun ba ni Litinin ƙarfe goma, sun kuma ce daga ita babu ƙari.

Marigayiya ta bar ni, da matata wadda tun ranar ba ta yarda mun haɗa ido ba, da 'ya'yanmu mata biyu da aikin makarantarsu a hannu. Ta kuma bar marayun wayoyi ashirin da biyu da ba mu haɗa komai da su ba. Mai aski ya hawo ta'aziyya da waya a ɗage yana lalube, bai ko zauna ba ya ce, "Maigida, yaushe za a kawo sabuwa?" Allah ne ya kiyaye, ba komai a hannuna.

Ga tsarin jana'iza. Ranar Asabar za a mayar da ita cikin kwalin da ta zo, tare da 'yar cajarta ta halal, a kai ta wurin masu karɓar matattun kayan lantarki. Ba a buƙatar Injiniya a wajen.

Ranar Litinin kada kowa ya fito. Tun ƙarfe tara ina falon Injiniya da kwamfutata, ni kaɗai a kan rautarsa, shi kuma zai jira a waje hannuwansa a aljihu.

Zaman makoki zai fara Talata a falon nasa. Ana gayyatar mai aski da masu jiran aski, tela, mai kitso, da Sarkin Gayu ko wane ne shi. Kowa ya zo da wayarsa cike da caji. Kalmar sirrin tana manne a gindin rautar, ƙanwarsa ta tabbatar mini bai taɓa canja ta ba, domin bai iya ba. Idan an ɗauke ni aiki, za a tashi zaman ranar Juma'a. Idan ba a ɗauke ni ba, Yaya, ka san ba ni da wurin zuwa da safe, kuma kujerar nan taka ta kusa da fanka ta yi mini daidai.