Yadda Ake Toshe Tagar Jirgin Suruki Ba Tare Da An Tambayi Kowa Ba

Kai da ka auri 'yar masu jirgi alhali ko iyo ba ka iya ba, matso kusa. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan, tagar jirgin surukinka za ta daina yoyo, akwatinsa zai sami sabon murfi, kuma duk tsibirin Lamu ba mai manta sunanka. Famau mai jakuna ya bi su ɗaya bayan ɗaya a kan idona, har gobe ana nuna shi da yatsa.

Mataki na ɗaya: Ka ce ka iya

Dattijo Mzee Lali ya tsufa, gwiwa ta ƙi, ya ce zai saki tsohon jirginsa mai tafiya da iska. Masu jiran gado biyu ne: Kombo ɗan ƙanensa, wanda ya girma a kan ruwa, da Famau mijin 'yarsa, wanda ya girma a bayan jaki. Tagar ɗakin jirgin tana yoyo, murfin akwatin da matuƙi ke zama a kai ya ruɓe.

"Baba, bar min," in ji Famau. "Ai wannan aikin hantsi ne."

"To," in ji tsohon. "Gyara. In jirgin ya kai mu biki ƙauyen Matondoni kaya a bushe, naka ne. In suka jiƙe, na Kombo ne."

Kombo ya yi murmushi. "Yaya Famau, taga fa ba ta jin bulala."

Kada ka kula irin wannan magana. Hassada ce.

Mataki na biyu: Ka guji kafinta

Akwai kafintocin jirgi a bakin ruwa, tun kakanninsu wannan ce sana'arsu. Ka bi ta bayan gari don kada ku haɗu. Wanda ya yi tambaya ya tona wa kansa asiri, jahilci kuwa muddin yana cikin ciki ba mai ganinsa. Na lura yawancin mazan zamanin nan a kan wannan tafarki suke, kuma suna barci lafiya.

Mataki na uku: Murfi

Ka ɓamɓare tsohon murfin, ka jefar. Masu sana'a za su ce a nemo katakon da ya daɗe yana bushewa. Famau ya sari ɗanyen icen mangwaro, ya yanka shi daidai bakin akwatin, ya buga shi da guduma har ya zauna ɗam. Ɗanyen ice yana kumbura in ya sha ruwa, amma wannan damuwar gobe ce.

Mataki na huɗu: Robar taga

Robar da ke zagaye da gilashin ta bushe, tana marmashewa kamar tsohon burodi. Sabuwa sai an je birnin Mombasa. A garin da jaki ne mota, ko tsohuwar taya ba ka samu ka yanka. Saboda haka ka duba abin da Allah ya ajiye maka kusa.

Kafin Famau ya buga sabon murfi, ya kwashe tarkacen akwatin. A can ƙasa ya sami silifas shuɗi, ya sha tafiya, an naɗe shi a farin ƙyalle. Kada ka tsaya tunanin abin da zai sa mutum ya naɗe tsohon silifas a farin ƙyalle. Yawan tunani yana kashe aiki. Famau ya yayyanka shi siri-siri, ya cusa a gefen gilashin, ya bi da danko. Da roba ta kasa a lungu ɗaya, ya cike da igiyar silifas ɗin. Ƙyallen kuma ya goge hannu da shi.

Mataki na biyar: Ka ba kowane aibi suna mai daɗi

Ranar tafiya aka jera alewa da kayan biki a ƙarƙashin taga, Bi Somoe matar tsohon ta zauna gefensu. Mzee Lali ya sunkuya zai buɗe akwatin, kamar yadda yake yi kafin kowace tafiya. Murfi ya sha raɓa, ya kumbura, ya ƙi motsi.

"Famau, wannan murfi ne ko kabari?"

"Sabon yayi ne, Baba. Ba ya buɗewa sai an isa, don tsaro."

Tsohon ya dube shi ya ƙara, sannan ya dafa murfin ta sama, ya yi bisimilla, aka saki igiya.

Mataki na shida: Ka karɓi yabo da wuri

A tsakiyar mashigi iska ta juya, igiyar ruwa ta riƙa marin gefen jirgi. Famau ya rungume sandar tuƙi yana salati, Kombo ya riƙe ƙarshenta a ɓoye don shi ma yana son ransa. Ruwa ya daki taga ya koma. Ko ɗigo bai shiga ba.

"Tun muna amarya da ango tagar nan take jiƙa min zane," in ji Bi Somoe daga ciki. "Yau kam an yi aiki."

"Ƙaramin abu ne, Mama," in ji Famau.

A nan ya kamata ka tsaya. Famau bai tsaya ba. "Matsa kusa ki ga yadda na haɗa lungun."

Ta matsa. Ta daɗe tana kallo.

"Lali, zo ka ga ɗinkina."

Igiyar silifas ce, da koren zaren da ta ɗinke ta da shi ranar da ta tsinke masa a Mina. Da silifas ɗin nan Mzee Lali ya yi aikin Hajji, kuma tun dawowarsa yake ajiye da shi a akwati, yana shafawa kafin ya shiga teku.

Mataki na bakwai: Ka yi shiru

Wannan matakin Famau ya iya shi ba tare da an koya masa ba. Har aka isa Matondoni ba a ji muryar kowa ba, sai Kombo da ke ta tari a hannun rigarsa. Aka sauke kaya, tsohon ya bi su da hannu ɗaya-ɗaya. A bushe suke.

"Ni ba na magana biyu," ya ce. "Jirgi naka ne."

Tarin Kombo ya warke nan take.

"Na gode, Baba. Silifas kuma gobe da safe zan sayo maka sabo a kasuwa."

"Wace kasuwa?" in ji tsohon. "Irinsa nake so, daga inda aka sayo wancan. Kuma ba na yarda da aike. Ƙafata za ka kai can, in gwada da kaina."

Yanzu Famau yana dakon yashi da jakuna da safe, yana dakon mutane da jirgi da yamma, duk don kujerar Makka ta surukinsa. Mutanen gari suna kiran jirgin Alhaji, tunda tagarsa ta riga mai shi zuwa. Murfin kuwa har yau bai buɗe ba.

Gargaɗi

Na yi alkawarin taga, da murfi, da suna, kuma duka na cika. Abin da ya biyo baya tsakaninka ne da surukinka. Wanda ya bi matakan nan ya wayi gari yana tara wa wani guzurin Hajji, kada ya doso ƙofata. Kafintoci suna nan bakin ruwa, tambaya kuma ba ta taɓa cire wa kowa haƙori ba.