Nomau a Layin Masu Littattafai

A Kwarin Ɗorawa, gidan ƙarshe kafin a gangara fadama, nan ne gidan Malam Sallau. Mutum uku ne a ciki. Akwai shi Malam, wanda ya shekara talatin yana koyar da lissafi a firamare kafin yanar ido ta rufe masa gani. Akwai matarsa Inna Kande, mai ciwon gwiwa, wadda ba ta son ganin tarkace a ɗaki. Sai ɗansu Nomau, ƙato mai shekara talatin da 'yan kai, wanda bai taɓa yin ƙarya ba, bai kuma taɓa zaton magana tana da ciki da waje ba. Abin da kunnensa ya ji, shi aka faɗa. Ranar ɗaurin auren ƙanwarsa aka ce ya kama bakinsa, ya kama shi da yatsu biyar, har taro ya watse bai kai loma ba. Cin gidan nan duka daga fadama yake fitowa: albasa da rani, shinkafa da damina.

Wata rana sammaci ya zo. Alhaji Barau, mai gonar da ke jikin tasu, ya kai ƙara cewa fadamar ta kakansa ce, aro aka bayar. Alƙali ya ce Malam ya kawo takarda ran Litinin ta sama, in babu, magana ta koma ga shaidu. Alhaji kuwa yana da shaidu huɗu, dukansu masu cin tuwo a zaurensa. Malam ya dawo daga kotu ya ce a miƙo masa koren littafinsa na lissafi, takardar da aka rubuta wa mahaifinsa tana ciki. Inna Kande ta ce bara, da gara ta shiga ɗakin, ta kwashe littattafan ta ba wani mai yawon sayen tsofaffin littattafai yana kaiwa Kano.

"Na ga ba karantawa kake yi ba, Malam."

Malam bai yi faɗa ba. Ya zauna a bakin gado, ya kira Nomau.

"Kai za ka je," in ji Malam. "Koren littafi, da sunana a shafin farko da jan biro. Ka sauka wurin Goggonka Delu. Birni ne, ka buɗe idonka."

Nomau ya buɗe. Tun daga tashar ƙauyensu har Kano bai ƙifta ba sai in abin ya fi ƙarfinsa, kuma kowace ƙiftawa sai gabansa ya faɗi. Idanun suka yi jajur, hawaye yana bin gemunsa. Wata tsohuwa a kujerar baya ta yi masa ta'aziyya, sauran fasinja suka shafa fatiha.

Wata rana, washegarin saukarsa, Goggo Delu ta tura shi teburin wani mai jarida da ake kira Ɗanliti, don masu jarida sun san duk wanda ke harkar takarda a gari. Ya tarar da teburin a gindin darbejiya, an danne jaridu da duwatsu, mutum wajen goma sha biyu sun kewaye shi, hannaye a baya, wuya a miƙe, ba mai niyyar saye.

"Ɗanliti, wannan ba ta jiya ba ce ka sake mata fuska?"

"Saya ka gani mana, sarkin 'yan bati. Kanu kyauta ne, mai son ciki ya biya."

Nomau ya ja da baya. A saninsa mahauta ne ke raba kai da ciki. Ya sunkuya a hankali ya leƙa ƙarƙashin teburin ko zai ga kanun. Bai ga komai ba sai silifa, amma rashin ganin bai kwantar masa da hankali ba. Sai wani mai tabarau ya buga yatsa a kan jarida ya ce, "Wallahi garin nan ya ɗau zafi, ƙiris ya rage ya kama da wuta. Ga shi nan da ɗumi-ɗuminsa."

Nomau ya ɗora tafinsa a kan jaridar. Gefen da rana ke dukanta ne, da zafi kuwa. Ga mai ruwa yana wucewa da kurar jarkoki. Kafin kowa ya ankara ya sungumi jarka ɗaya ya juye ta a kan teburin.

Bai taɓa ganin yadda fuskokin mutane ke sauyawa lokaci ɗaya ba sai ranar. Wani ya ce turo shi aka yi. Wani ya shaƙe masa wuyan riga, wani ya ɗauki dutsen danne jarida. Nomau ya tuna babu wanda za a sake turowa in shi bai koma ba.

"Wa ya aiko ka?" in ji mai tabarau.

"Kai ka ce zai kama, yallaɓai."

Mai dutsen ne ya fara dariya. Ɗanliti bai yi ba. Ya sa Nomau ya shanya jaridun ɗaya-ɗaya a bakin kwalta yana gadinsu har suka bushe suka yi ƙwambare. Da la'asar, da ya ji labarin fadamar, ya ce tsofaffin littattafan makaranta wurin Ilu suke a Sabon Gari.

Wata rana ya je shagon Ilu. Lungu ne siriri, littattafai tun daga ƙasa har rufi, wasu ba fari, wasu ba ƙarshe, wasu da sunayen yaran da yanzu sun yi jikoki. Wurin yana warin ƙura da tsohon gam. Nomau ya yi sallama ya tambaya ko sababbi ne.

"Sabo a nan? Ɗan'uwa, duk littafin da ka gani a shagon nan ya sha hannu." Ilu ya ɗaga wani ƙaton ƙamus. "Wannan kaɗai ya sha hannu ya fi goma."

Nomau ya dubi hannun da ke riƙe da ƙamus ɗin. Yatsu uku ne. Injin yankan takarda ne ya cinye biyun a wata maɗaba'a shekaru ashirin baya, amma Nomau bai san wannan ba, Ilu kuma ba ya ba da labarin. Nomau ya cusa hannuwansa biyu a hamata ya matse. Ya so ya gudu. Sai dai can sama ya hango wani abu kore a cikin jeri, sai ya matsa, gumi na zuba, ya shiga ture littattafan da haɓa. Jerin ya yi tangaɗi ya rufto masa. Yana kwance a ƙasa littattafai sun binne shi har ƙirji, yana salati da ƙarfi, bai fito da hannu ko ɗaya ba don ya kare fuskarsa.

Ilu ya tono shi yana zagi ƙasa-ƙasa. Koren littafin na kiwon kaji ne.

"Ni kayan ƙauye ba sa zuwa wurina," in ji Ilu. "Kuma ka sani, wanda ya rasa mai saye, masu ƙosai ke kwashewa su yi naɗi."

A hanyar komawa Nomau ya ga wani ya gama cin ƙosai, ya murje takardar ya jefa a kwata. Ya tsaya yana kallonta har ruwan ya tafi da ita.

Wata rana da sassafe Inna Kande ta kira wayar Goggo Delu. Ta ce Alhaji Barau ya riga ya kafa turaku a fadama, Malam kuma kwana biyu ke nan koko kaɗai yake sha. Ranar Juma'a ce. Goggo ta ajiye wayar ta ce, "Tashi ka bi masu ƙosan unguwar nan ɗaya bayan ɗaya."

Ya zaɓi ta farko, wata mai suna Asabe. Ya jira har ta gama suya da hantsi, ta ɗora kwano a ka, ta riƙe kaskon mai a hannu. Ta kama hanya, ya bi ta. Ta waiga ta ga ƙato da jajayen idanu, ba ya magana. Ta ƙara sauri, ya ƙara. Ta shiga lungu, ya shiga. A lungu na uku, inda ba kowa sai awaki, ta juyo ta ɗaga kaskon, man ciki bai gama hucewa ba.

"Taku ɗaya, in wanke maka fuska! Me na yi maka?"

Nomau ya durƙusa. "Goggo ce ta ce in bi ki. In na gama da ke, saura guda shida."

Asabe ta kusa sakin kaskon. Sai da ya rantse, ya kawo zancen littafi da fadama da makahon uba, sannan ta sauke hannu.

"Allah ya shirye ka, ka kusa kashe ni. Ni da tsohuwar jarida nake naɗi. Littattafan ƙauye wurin Baba Cindo suke sauka a kasuwar Kurmi, kuma tsohon nan ko shafi ɗaya ba ya sayar mana."

Wata rana, Lahadi, saura kwana ɗaya, Nomau ya sami shagon bayan ya ɓace sau uku a lungunan kasuwa. Ginin ƙasa ne, ya girmi duk shagunan da ke kewaye da shi. Baba Cindo tsoho ne ɗan ƙanƙani, yana zaune a kan buzu yana ɗinke wani littafi da zare. Ya saurari Nomau har ƙarshe, ya nuna masa kwalaye a ƙuryar shago. Ya kuma tabbatar masa, da aka tambaye shi, cewa littattafansa ba sa shan komai.

A kwali na huɗu Nomau ya ga kore. Ya buɗe, ga sunan Malam Sallau da jan biro. Ya bi shafi-shafi har ƙarshe. Ya kife shi ya girgiza. Busasshen kyankyaso ne ya faɗo. Ya sake bi tun daga farko, yana lasar yatsa.

"Baba, babu."

An fara kiran azahar. Tsoho ya ɗauki butarsa. Ya san malaman makaranta na da, sukan naɗe bangon littafi da takardar siminti, su soke abu mai muhimmanci a tsakani. Daga bakin ƙofa ya ce, "Ka duba cikin bango," ya fita.

Nomau ya ajiye littafin. Ya dubi bangon shagon. Ya ɗauki almakashin tsoho, ya janye kantar littattafai, ya fara sara.

Da Baba Cindo ya dawo daga masallaci, ƙura ce ta tare shi a ƙofa. Maƙwabta sun taru, ana cewa ɓarawo ne zai huda zuwa shagon mai turare. Nomau ya yi rami har gwiwar hannu, ya yi furu-furu da jar ƙasa, bai ko waigo ba.

"Kai, ɗan nan! Bangon littafi na ce! Ginin kakana za ka rushe mini?"

Nomau ya kai sara ɗaya na ƙarshe don hannunsa ya riga ya tafi. Wani ɓangaren yaɓe ya ɓalle, sai takardu suka zubo daga wata tsohuwar tsaga, a nannaɗe, ɗaruruwa, kamar an fasa rumbu.

Tsoho ya tsaya da baki buɗe. Aikinsa ne, ya manta. Shekara hamsin, duk 'yar takardar da ta faɗo daga cikin littafi, in ya ga bisimilla a samanta ba ya karantawa, ba ya kuma bari ta taɓa ƙasa a taka sunan Allah. Yakan nannaɗe ta ya soka a tsagar bango, yadda ya ga ubansa yana yi. Bayan daminar bara magina suka yaɓe tsagar.

Ya kori 'yan kallo, ya shimfiɗa buzu, suka shiga warwarewa. Akwai addu'o'i, akwai wasiƙun mutanen da suka daɗe a ƙasa, akwai maganin ciwon haƙori. Nomau bai iya ajami ba, miƙawa kawai yake yi, tsoho yana dubawa yana ajiyewa gefe. La'asar ta yi, ta wuce. Sannan Baba Cindo ya buɗe wata mai hatimi da shuɗin tawada, ya kai ta bakin ƙofa wurin haske, ya karanta a hankali: fadamar da ke gabas da Kwarin Ɗorawa, daga tsamiya zuwa bakin rafi, mallakar Jatau ce da 'ya'yansa.

"Wane ne Jatau?"

"Kakana ne."

Tsoho ya dubi ramin, ya dubi Nomau. "Da ka ji maganata daidai, da ka tafi hannu wofi. Ungo. Ka riƙe ta da hannu biyu."

Haka ya riƙe ta. Goggo Delu ce ta sa masa takalmi da asuba, ita ta ɗura masa koko a baki, kwandasta ya tura shi cikin mota ta baya. Da hantsin Litinin ya shiga kotu hannuwa a miƙe gaba, yatsu sun sandare, Alhaji Barau da shaidunsa huɗu suna jere a benci. Magatakarda ya miƙo hannu. Nomau bai saki ba. Alƙali da kansa ya ce a kawo, Nomau ya ƙara damƙewa.

Malam Sallau ya taso, Inna Kande na riƙe da gefen rigarsa. Ya laluba har ya sami hannun ɗansa, ya bi yatsun ya kai ga takardar, ya shafa ninkinta da gefen da ya yage tun yana yaro.

"Ita ce," ya ce. "Saki, Nomau. Ka iso."