Ranar da Auduga Ta Yi Fiffike

Ba zan taɓa mantawa ba da abin da na jawo wa Malam Sule, ko da yake ni aka yi wa dariya.

Farkon shekarun tamanin ne, ina sabon akawu a wata masaƙa a Challawa, ina taƙama da takardar makarantar koyon aikin gona (wata tara kacal na yi, amma ji nake kamar ni na ƙirƙiro fartanya). Malam Sule dattijo ne, shi ke kula da bishiyoyin lemo na gaban ofis.

Wata safiya ya sami manaja ina tsaye. "Ranka ya daɗe, ƙwari sun kama lemon nan. Ƙasan ganye ya yi fari, ga danƙo kamar darɓa. A taimaka da magani."

Manaja ya dube ni, tunda ni ne masani. Sai na gyara murya. Na ce farin ƙuda Malam yake nufi, kuma ma ba ƙudan gaske ba ne, dangin ƙwarin darɓa ne masu tsotse ganye. Na ce wani irinsa a Asiya yake, mai kama da auduga kuma a can Amurka, taswirar littafinmu ba ta nuna shi a Nijeriya ba. (Littafin ya girme ni.)

"Baba," na ce wa dattijon, "wannan ɓurɓushin auduga ne daga injinan saƙa. Ku dai riƙa wankewa."

"To, ɗan nan," kawai ya ce.

Bayan wata guda ganye ya yi baƙi kamar gindin tukunya, 'ya'yan suna ta zuba. Manaja ya tsare dattijon a gindin bishiya yana faɗa, wai ƙyuya ce. Ni kuwa, maimakon in yi shiru, na kama reshe na girgiza, baki buɗe. "Kun gani ai, audu..."

Audugar ta tashi. Da fiffike. Rabi a hanci, rabi a maƙogwaro. Ina tari ina hawaye, ma'aikatan da suka tashi aikin safe suna dariya har da riƙe ciki.

Malam Sule bai ko murmusa ba. Butarsa ya miƙo mini. "Kurkure bakinka, ɗan nan."

Lemon shekarar bai yi ba. Kunya ta hana ni ba shi haƙuri. Kullum sai in ce gobe, ina zagayawa ta ƙofar baya, har ya bar aiki. A bakin mai gadi na ji rasuwarsa. Allah Ya jiƙansa.

Yanzu in mai abu ya faɗi abin da ke damun abinsa, rufe bakina nake yi. Na san abin da ke shiga in an bar shi a buɗe.